Imel mai sunan shagonka: abin da ake samu kyauta da abin da dole ka biya

Wannan ita ce hirar da muka yi a filinmu na sana'a da wayar hannu. Mun mayar da ita takarda ne saboda da yawanku kun ce haruffan da muka riƙa ambata a iska, su MX da SPF, sun wuce ku kafin ku lalubo biro. To ga su nan a rubuce, sai ka bi a hankali.

Asalin maganar tambaya ce daga wata baiwar Allah a unguwar Dugoi, cikin Marwa. Jakunkuna da takalman fata take sayarwa, irin aikin da aka san Marwa da shi, kuma kusan duk cinikinta ta WhatsApp da Facebook take yi. Wani mai kanti a Duwala ya ga kayan, ya yaba, ya ce ta turo masa farashi da faktir ta imel. Ta tura daga adireshin da ƙaninta ya buɗe mata tun da daɗewa, mai sunan wasa da lambobi huɗu a ƙarshe. Shiru kake ji. Da ta kira, sai ya ce akawunsa ba ya sakin kuɗin kaya masu yawa ga adireshin da kowa zai iya buɗewa cikin minti biyar. Shi ne ta tambaye mu: wai gaskiya ne ana samun imel mai ɗauke da sunan shagon mutum kyauta?

Gaskiya ne, amma rabi. Adireshin imel kashi biyu ne, kuma alamar @ ce ta raba su. Ɗauki misali, mu ƙaddara adireshin shi ne ciniki@fatundugoi.cm. Abin da ke hagu, wato "ciniki", sunan akwatin da wasiƙa ke faɗawa ne. Abin da ke dama, "fatundugoi.cm", shi ake kira sunan yanki, masu aikin kwamfuta kuma su ce domen. Akwatin ana samunsa kyauta, har guda biyar ma. Sunan yanki kuwa haya ake yi, shekara-shekara, kamar rumfar kasuwa. Duk wanda ya ce maka duka biyun kyauta ne har abada, to ko dai bai sani ba, ko kuma akwai abin da yake ɓoyewa.

Kuɗin ba wani tashin hankali ba ne. Sunan da ya ƙare da .com yakan kama dalar Amurka 10 zuwa 15 a shekara a wajen yawancin masu rajista, wato dai a lissafinmu bai cika wuce sefa jaka goma ba. Raba shi gida goma sha biyu ka gani, bai kai kuɗin datar da kake ƙonawa a kallon bidiyo ba. Sai dai ka lura da wata dabara ta 'yan kasuwar: shekarar farko su karya maka farashi ƙasa warwas, shekara ta biyu ya ninka. Saboda haka kafin ka biya, kuɗin sabuntawa za ka tambaya, ba na shiga ba.

Me ya sa muke hana ka neman suna na kyauta? Saboda an yi, kuma an ga ƙarshensa, a nan maƙwabta ma. Akwai wani kamfani a Amstadam ta ƙasar Holan mai suna Freenom, wanda ya yi shekaru yana raba sunaye kyauta masu ƙarewa da .tk, da .ml na Mali, da .ga na Gabon, da .cf na Afirka ta Tsakiya, da .gq na Ikwatoriyal Gini. Ka ga uku daga ciki ƙasashe ne da muke iyaka da su. Samari da yawa sun ɗauka, sun buga a kati da allon shago. Abin da ba su karanta ba shi ne, a tsarin na kyautar, kamfanin ne mai sunan, kai aro aka ba ka. 'Yan damfara kuma suka cika wurin, har kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp ya maka Freenom a kotu a shekarar 2023. A wannan shekarar Gabon ta karɓe ragamar .ga ɗinta, sunaye miliyoyi suka bi iska, Mali ma ta karɓi nata. A watan Fabrairu na 2024 Freenom ya sanar cewa ya bar sana'ar gaba ɗaya. Wanda ya ɗora cinikinsa a kan irin wannan suna, ranar da sunan ya mutu duk wasiƙar da aka aiko masa komawa ta yi, kuma babu ofishin da zai kai ƙara.

Yanzu wanne za ka ɗauka, .cm ko .com? Wannan tambaya tana damunmu sosai a Kamaru, domin harafi ɗaya tak ya raba su. Hukumar ANTIC da ke Yawunde ita ke kula da .cm, kamar yadda NiRA ke kula da .ng a Najeriya, Nijar na da .ne, Chadi na da .td. Ana sayen .cm ta hannun kamfanonin rajista da hukumar ta amince da su, kuma alherin na gida shi ne wasunsu suna karɓar Orange Money ko MTN Mobile Money, alhali na waje katin banki irin Visa ko Mastercard suke nema, abin da ba kowace mai sana'a a Dugoi ke da shi ba.

Amma kamannin nan na .cm da .com ya taɓa jawo wa ƙasar baƙin jini. Mutane a ƙasashen waje sun riƙa kama sunayen manyan kamfanoni da .cm, suna jiran wanda yatsansa ya tsallake harafin "o" ya faɗo hannunsu. Har a shekarar 2009 kamfanin tsaron kwamfuta na McAfee ya sa .cm a sahun farko na sunaye mafi haɗari a duniya. Wannan tsohon zance ne, kuma ba laifin mai jaka a Marwa ba ne. Abin da ya shafe ka shi ne akasin haka: abokin cinikinka na Kano ko Yola ya saba da .com, hannunsa zai ƙara "o" da kansa, ko wayarsa ta gyara masa ba tare da ya lura ba. Idan wani ne ke riƙe da sunanka a .com, wasiƙar da faktir ɗin cikinta wajensa za su je. Kada ka raina kuskuren harafi ɗaya. A 2023 jaridar Financial Times ta ba da labarin yadda wasiƙun sojojin Amurka, waɗanda adireshinsu ke ƙarewa da .mil, suka yi shekaru suna faɗawa .ml na Mali, saboda masu rubutu suna mance "i". Idan sojan Amurka bai tsira ba, ina ga ni da kai?

Ra'ayina dai, in masu sayenka a Garwa, Ngaundare, Yawunde da Duwala suke, .cm ya dace, yana nuna kai ɗan gida ne. In kuwa rabin cinikinka ƙetaren iyaka yake, Mubi, Maiduguri, Njamena ta Kuseri, ko Turai, ɗauki .com. In aljihu ya yarda, kama duka biyun, ka sa ɗaya ya riƙa zuba wasiƙunsa cikin ɗayan. Sunan kuma ya zama gajere, wanda za ka faɗa a waya mutum ya rubuta ba tare da ka maimaita sau uku ba. Ka guji ƙ, ɗ ko ɓ a irin wannan suna, kuma ka tuna masu sayenka wani da Faransanci ya yi boko, wani da Ingilishi. "Dugoi" kaɗai ma wani "Dougoï" zai rubuta. Gwada sunan a kan mutum biyu ko uku kafin ka biya.

To ga wurin da nake so ka buɗe kunne sosai, domin a nan aka fi cutar mutanenmu. Yawancinmu ba da kanmu muke yin rajistar ba. Sai mu je siba, ko mu kira wani yaro da ya iya kwamfuta, mu ba shi kuɗi ya yi mana. Babu laifi a neman taimako. Laifin shi ne yaron ya buɗe asusun rajistar da imel ɗinsa, da lambar wayarsa, ya sa sunansa a gurbin mai mallaka. A idon kamfanin rajista, shi ne mai rumfar, kai ɗan tsaron shago ne. Yau kuna shiri. Gobe ya tafi karatu Ngaundare, ko ya canja lamba, ko kun saɓa a kan jaka biyar, shi ke nan sunan da ka buga a leda da kati da allo ya tafi da shi. Na san wani mai kilishi da sai da ya sake sayen sunan shagonsa daga hannun wanda ya yi masa rajista, a kan kuɗin da ya ninka na asali sau da yawa. Don haka ka zauna kusa da mai taimakon naka. Asusun a buɗe shi da imel ɗinka na yanzu, da lambarka, da sunanka kamar yadda yake a katin shaidarka. Kalmar sirri kai za ka buga da hannunka, ka canja ta bayan ya gama. Rasit ɗin biya kuma ya zo akwatinka.

In suna ya samu, saura akwatin. Hanyoyin kyauta da na gwada kuma na yarda da su biyu ne, kuma ba iri ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce Zoho Mail, na wani kamfanin ƙasar Indiya. Suna da tsarin kyauta da ke ba ka mutum har 5 a ƙarƙashin sunan yanki ɗaya, kowane da wurin ajiya gigabait 5. Cikakken akwati ne, ka karɓa, ka aika, duk da sunan shagonka. Sharaɗinsa shi ne ta shafinsu ko ta manhajarsu ta waya kaɗai za ka karanta, ba za ka iya jawo shi cikin manhajar Gmail ko Outlook ba sai ka koma na kuɗi. Kuma ba sa ɗora tsarin kyautar a gaba-gaba, sai ka gangara ƙasan shafin farashi za ka gan shi. Idan ke da ƙanwarki da yaron da ke kai kaya ajans kuna buƙatar kowa da nasa adireshi, wannan ya fi.

Ta biyu ita ce turawa kawai. Kamfanin Cloudflare yana da wani aiki kyauta da suke kira Email Routing, akwai kuma ImprovMX mai yin irinsa. Su ba sa ajiye maka wasiƙa. Duk abin da aka aiko wa ciniki@fatundugoi.cm sai su miƙa shi cikin Gmail ɗinka na da, kamar ɗan aike. Daɗinta ba ka koyon sabuwar manhaja. Matsalarta wajen amsawa ne, domin in ka danna amsa, tsohon adireshin nan mai sunan wasa shi zai fita. Akwai wurin da Gmail ke barin ka aika da wani adireshi, amma sai ka kunna tabbaci mai mataki biyu, ka ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman, kuma duk da haka hatimin da ke kan wasiƙar na Gmail ne, ba na sunanka ba, sai wasu akwatunan su yi mata kallon tuhuma. Ga mai aika faktir, ni dai hanyar farko nake ba da shawara. Kada kuma ka haɗa biyun a suna ɗaya, wasiƙunka za su rabu gida biyu.

Yanzu ga haruffan nan. A asusunka na wajen mai rajista akwai wani shafi da aka rubuta DNS. Ɗauke shi kamar kundin sarkin kasuwa, inda ake rubuta rumfa kaza ta wane ce, kuma wa ke karɓar saƙo a madadinsa. Layuka za ka ƙara a ciki, kuma kamfanin akwatin ne zai ba ka abin da za ka rubuta. Kwafa za ka yi ka liƙa, kada ka buga da ka, domin ɗigo ɗaya in ya ɓace komai ya tsaya.

Da fari za su ba ka wani layi na TXT mai dogayen lambobi, don su tabbatar sunan naka ne. Ka liƙa, ka koma shafinsu ka danna tabbatarwa. Sai MX, wanda shi ne ke gaya wa duniya inda za a kai wasiƙarka. Zoho layi uku suke bayarwa, kowane da lambar fifiko, 10 da 20 da 50. Ƙaramar lamba ita ake fara ƙwanƙwasawa, in ba a amsa ba a wuce ta gaba. In ka tarar da wani tsohon MX da mai rajista ya sa tun farko, goge shi. Da MX kaɗai wasiƙa za ta fara shigowa, kuma a nan mutane da yawa ke tsayawa su ce an gama. Ba a gama ba. Shigowa ce ta samu, fitar ce da saura.

Dalili kuwa, tsarin imel tun asalinsa bai hana kowa rubuta sunan wani a gurbin mai aikawa ba. Wani a ko'ina cikin duniya zai iya aika wasiƙa ya ce daga shagonka take. Layuka uku ne ke toshe wannan ƙofa. SPF jerin sunayen yaran da ka yarda su kai saƙo da sunanka ne, layi ne na TXT da ke farawa da v=spf1, kuma guda ɗaya tak ake sawa, in ka sa biyu duka sun lalace. DKIM hatimi ne da ake buga wa kowace wasiƙa, wanda mai karɓa zai gwada da mabuɗin da ka ajiye a DNS, in an taɓa wasiƙar a hanya hatimin ba zai dace ba. A Zoho sai ka shiga shafin mai kula ka ƙirƙiro shi, ka liƙa a DNS, sannan ka dawo ka kunna, kuma wannan kunnawar ita aka fi mancewa. DMARC kuma umarninka ne ga masu karɓa: in wasiƙa ta zo da sunana amma ba ta ci jarrabawar nan ba, ga abin da za ku yi da ita. Ana sa shi a ƙarƙashin _dmarc, ka fara da v=DMARC1; p=none, wato a sa ido kawai. Bayan 'yan makonni, in ka ga komai na tafiya daidai, ka tsaurara zuwa p=quarantine.

Kada ka ce wannan aikin manyan kamfanoni ne. Tun watan Fabrairu na 2024 Gmail ya wajabta wa duk mai aiko masa wasiƙa ya kasance da SPF ko DKIM, Yahoo ma ya bi sahu, masu aika dubbai a rana kuma dole su ƙara da DMARC. In babu su, farashin da ka tura Duwala zai faɗa kwandon tarkace ko a mayar maka da shi, kai kana nan kana cewa mutumin ya raina ka.

Bayan ka liƙa layukan, yi haƙuri. Wani lokaci minti goma ya isa, wani lokaci sai an kwana ɗaya ko biyu kafin duniya ta gani. Sannan ka gwada: aika wa wani mai Gmail, ya buɗe a kwamfuta, ya danna ɗigo ukun nan na gefen wasiƙar, ya zaɓi nuna asali, in da Faransanci ne za ka ga Afficher l'original. In ka ga PASS a gaban SPF da DKIM da DMARC, aiki ya yi. Shi ma ya amsa maka, don ka tabbatar shigowa na aiki.

Akwai wata matsala tamu ta mutanen iyaka. Wasu daga cikin kamfanonin nan suna turo lambar tabbaci ta saƙon waya. Kai kuma layi biyu gare ka, na Kamaru da na Najeriya, wani ma har da na Chadi. Ka haye Mubi sayen kaya, ka cire layin Kamaru, sai asusun ya nemi lamba, lambar kuma ta tafi layin da ke cikin aljihun wata riga a Marwa. Mafi muni, layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanin waya na iya rufe shi ya ba wani. Maganin shi ne ka sa manhajar tabbaci irin Google Authenticator, wadda ke fitar da lamba ko babu sabis, sannan ka rubuta lambobin ko-ta-kwana da suke bayarwa a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardun fili. Kuma kada imel ɗin da ka yi rajistar sunan da shi ya zama na sabon sunan ne. In sunan ya samu matsala, wasiƙar gargaɗin za ta tafi akwatin da ya riga ya mutu. Bar tsohon Gmail ɗin a wannan gurbin, ga amfaninsa nan.

Wani ya bugo waya lokacin shirin ya ce, to in Zoho suka wayi gari suka ce kyauta ta ƙare fa? Tana iya faruwa, an ma taɓa yi. Google ya daɗe yana ba da irin wannan akwati kyauta, ya rufe ƙofa ga sababbi a watan Disamba na 2012, sannan a 2022 ya ce 'yan kasuwar da ke kan tsohon tsarin su fara biya. Amma duba bambancin da labarin Freenom. Wanda sunan yankin ke hannunsa, abin da zai yi kawai shi ne ya kwashe tsofaffin wasiƙunsa, ya nemi wani kamfanin, ya canja layukan MX da SPF da DKIM. Adireshin da ke kan katinsa bai canja ba, mai kanti a Duwala ma ba zai san an yi ƙaura ba.

Abu ɗaya da sabon adireshi ba zai yi maka ba shi ne hana ɗan damfara kama suna mai kama da naka, ya canja harafi ɗaya, ya rubuta wa abokin cinikinka cewa lambar biyan kuɗi ta canja. Su SPF ba sa kama wannan, domin sunan nasa ne, ba naka ba. Saboda haka tun ranar farko ka gaya wa duk mai sayenka da baki: lambar Orange Money ko ta bankina ba ta canjawa ta imel, in ka ga haka kira ni a lambar da ka sani kafin ka tura ko dala.

Sai ranar sabuntawa. Mai rajista zai turo maka tuni, amma kada ka dogara da shi, musamman in katin da ka biya da shi na wani ne ko ya ƙare aiki. In ranar ta wuce, imel yana iya tsayawa nan take. Ga .com akwai 'yan makonnin sassauci da za ka biya kuɗin da ka saba, bayan su sai kwana 30 na fansa da tara mai tsada, daga nan a saki sunan kasuwa kowa ya ɗauka. Na .cm ka tambayi mai rajistarka ƙa'idarsa tun ranar saye. Rubuta ranar a bangon shago kusa da kalanda, ka biya wata guda kafin ta zo, in ciniki ya yi kyau bayan salla ka biya na shekara biyu ko uku gaba ɗaya.